Sanfulawar daji a lambun gida: wa ya taɓa shuka ta, yaya kuka ƙare da ita?

Maman Hanifa, Wichita (Kansas)

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka taɓa shuka sanfulawar daji, irin da ake kira Maximilian, don Allah ku matso kusa, don ni dai bana ta ba ni kunya. Ba babbar nan mai kai guda kamar faifai nake nufi ba, wadda ake matsar mai daga 'ya'yanta. Wannan ganyenta sirara ne masu kaushi, a ɗan naɗe kamar kwalekwale, furanninta ƙanana rawaya suna jeruwa a jikin kara tun daga tsakiya har sama. Sau ɗaya ake shuka ta. Sanyi ya kashe karan, saiwa ta sake tohowa wajen Afrilu.

Bara na sayo tukunya uku na dasa a jikin katanga. Ta yi kyau daidai gwargwado, ba ta wuce kafaɗata ba. Bana sai na ce bari in yi mata gata. Na juye mata takin shanu buhu biyu kamar yadda ake wa masara a gida, ruwa kuwa safe da yamma duk tsawon Yuli. Ta yi ta miƙewa har ta leƙa gidan maƙwabta, maigidan ya auna ya ce ƙafa 9. Ina ta tura hoto gida ana ta masha Allah. Sati na biyu na Satumba, ta fara buɗe fure ke nan, aka kwana ana ruwa da iska. Da safe na tarar da ita kwance rashe-rashe, ta danne min yakuwa da tattasai. Abin da ya fi ƙona min rai, ina fita bayan gari ga 'yan uwanta can a bakin titi tsaye ƙyam, babu mai ba su ko kofin ruwa. Me na yi ba daidai ba?

Baban Sadik, Salina (Kansas)

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ai kin ba kanki amsa da kanki: sangarta ta kika yi. Tsiron fili ne, ya saba da wuya. A daji tana tashi ne a tsakiyar dogayen ciyayi, suna ƙwace ruwa da abinci, kuma su ne ke tokare ta idan iska ta taso. Ke kuwa kin ware ta ita kaɗai, kin cika ta da taki, karan ya yi tsawo da laushi, ga nauyin fure a sama. Ko dawa aka yi wa haka sai ta kwanta.

Shekarata 6 da ita. Taki ban taɓa sa mata ba. Ruwa a shekarar farko kawai, kafin saiwa ta kama, daga nan sai in an yi sati uku babu ruwan sama. Babban sirrin dai almakashi ne. A tsakiyar Yuni, idan ta kai ƙugu, ina datse rabinta. Karon farko hannuna har rawa yake, kamar ina yanka abin da na raina. Bayan sati biyu kowane kara ya fito da rassa uku ko huɗu, ta tsaya a ƙafa 5, furen ma ya fi yawa. Wani dattijo maƙwabcina ne ya koya min, ya ce in an wuce hutun 4 ga Yuli a ajiye almakashi, don daga nan furen bana kake yankewa. Na layin gaba ina datse su ƙasa sosai, na baya in bar su da ɗan tsawo, sai gajerun su riƙe dogayen.

Sunan ma na wani basarake ne Bajamushe, Maximilian na Wied, wanda ya zo Amurka tsakanin 1832 da 1834 ya bi kogin Missouri yana tattara tsirrai. A nan garinmu akwai cibiyar Land Institute da aka kafa a 1976, sun daɗe suna gwada ta ko za ta zama amfanin gona mai ba da mai ba tare da an yi huɗa kowace shekara ba. Wato masana sun yi ta fama su ga ta yi ƙiba, mu muna fama ta rame.

Hajiya Ladi, Dallas (Teksas)

Baban Sadik ka faɗi na sama, ka bar na ƙasa, kuma can ne rigimar take. Ƙanwata, faɗuwa ba komai ba ce a kan abin da ke jiranki baɗi. Kin san tofa a gona? To haka saiwarta ke tafiya a ɓoye. Ni guda biyu na dasa. A shekara ta uku na ƙirga kara ya fi 60, ta cinye wurin da nake sa alayyafo, ta ratsa ƙarƙashin katanga ta ɓulla a tsakiyar ciyawar maƙwabciyata. Matar ta ƙwanƙwasa min ƙofa da tsiron a hannu, saiwa na reto, ba ta ce komai ba sai murmushi. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na kwashe asabar biyu da shebur. Duk guntun saiwar da ka bari, ko tsawon yatsa ne, sai ya toho. Yanzu babban baho na roba na yanke wa gindi na binne, na bar bakinsa ya ɗan fito sama da ƙasa, tana ciki. Duk Maris ina zagaye shi da shebur in ga ko wata ta tsallake, bayan shekara uku kuma in tone in raba in ba masu so. Sanyin Fabrairun 2021 da ya kashe min lemo da zogale ko gezau ba ta yi ba.

Ku ce me ya hana ni rabuwa da ita. Oktoba ce. Lokacin malam-buɗe-littafin nan masu ruwan lemo da baƙi ke ratsa Teksas za su Meziko, sai su sauka a kanta. Jikata takan zauna a bakin ƙofa da kofin shayi tana ƙirga su har shayin ya huce.

Malam Isufu, Minneapolis (Minesota)

Ni da iri na fara, don tukunya tsada. An ce min irin yana son ya sha sanyi kafin ya tsira, sai na cakuɗa shi da jiƙaƙƙen yashi a leda na sa a firji, zai yi kwana 30. Kwana 10 uwargida ta ga leda da ƙasa a kusa da nono, ta yi waje da ita. Ban yi magana ba, laifina ne da ban rubuta komai a jiki ba. Shekarar da ta biyo na watsa shi a ƙasa a Nuwamba, na danna da ƙafa, dusar ƙanƙara ta yi min aikin firji. Ya tsira fes a Mayu. Abokin gabana zomo ne, dare ɗaya ya aske sabon toho tas. Sai da na kewaye da waya mai ƙananan ido har ta kai gwiwa, daga nan ganyen ya yi masa kaushi ya haƙura.

Anti Bilki, Atlanta (Jojiya)

A yi hattara da cewa kada a ba da ruwa, don sanfulawar daji ba iri ɗaya ba ce, sun fi 50. Tawa ta fadama ce, ganyenta ya fi na Maximilian sirantaka, kuma ita damshi take so. Na sa ta inda ruwan indararo ke taruwa, jan yumɓun nan namu da ya ƙi komai, nan ta ji daɗi. Ba ta fure sai Oktoba, lokacin duk lambun ya gaji. Shekarar da na bar ta da ƙishi ganyen ƙasa ya bushe har rabin kara, ta tsaya kamar kaza mai figaggen wuya. Datsewar Yuni kam na yarda da ita, sai dai ni barewa ke yi min kyauta, ba ta kuma tambayar tsawon da nake so. In kuka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a ganye, cunkoso ne ya hana iska shiga, a rage kara tun suna ƙanana.

Abban Khalil, Omaha (Nebraska)

Tawa mai shekara ɗaya ce, mai rassa da yawa da baƙin tsakiya, wadda Kansas ta ɗauka furen jiha tun 1903. Ban shuka ba, tsuntsaye suka kawo. Ƙarshen Yuli na riƙa tarar da kawunan fure a ƙasa, wasu na reto a jikin kara, an yanke su daidai wuya kamar da reza. Na tara yaran na yi musu tas, ƙaramin har da kuka yana rantsuwa. Ran nan da sassafe na kama ɓarawon: wani baƙin ƙwaro mai dogon baki, bai kai ƙwayar wake ba. Macen ce ke zagaye karan da baki, ta saka ƙwai a cikin furen, kan ya faɗi, tsutsa ta girma ta shige ƙasa ta jira baɗi. Magani ban fesa ba saboda ƙudan zuma. Tsince kawunan nake yi kullum in ƙulle a leda in zubar, bana sun ragu sosai. Yaran kuwa sai da na saya musu askirim.

Malama Rabi, Jos

Ina ta karantawa daga gida. Wannan ba ita ce mai rawayan furen nan da ke cika bakin hanya a nan wajenmu da ƙarshen damina ba? In ita ce, ai mu sara muke yi ba shuka ba. In kuma ba ita ba ce, wani ya riƙo min irin in zai zo.

Baban Sadik, Salina (Kansas)

Malama, dangi ne amma ba ita ba ce. Taku Tithonia ce, ganyenta faffaɗa mai yatsu, da ɗaci. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, baƙuwa ce da ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Tana da amfaninta, ganyen na saurin ruɓewa, manoma na sara su binne a matsayin taki. Iri kam ni ba zan riƙo ba. Kin ji abin da Maximilian ta yi wa Hajiya a ƙasarta ta haihuwa, ina ga inda babu ƙwarin da suka saba cin ta.

Hajiya Ladi, Dallas (Teksas)

Na manta, akwai 'yar uwarsu mai 'ya'ya a ƙasa kamar citta, ana ci, ɗanɗanon ya ɗan yi kama da rizga. Na soya wa baƙi faranti guda ban san tana kumbura ciki ba. Ba zan ƙara bayani ba, amma ranar babu wanda alwalarsa ta kai isha'i.

Maman Hanifa, Wichita (Kansas)

Hajiya kin sa ni dariya har Hanifa na tambaya lafiya. Na gode ƙwarai jama'a. Jiya mun kafa ƙarfe uku mun ɗago ta da igiya, ba ta miƙe sosai ba, amma kawunan sun riga sun lanƙwaso sama suna ci gaba da fure. Yakuwar ta tsira, tattasai biyu sun tafi. Maigidan ya so ya sare ta gaba ɗaya, na ce a bari sai Maris, don ƙananan tsuntsayen nan rawaya sun fara zuwa cin 'ya'yan. Da na duba gindin katanga kuma na ga toho huɗu inda ban dasa ba, ɗaya saura taki guda ya shiga gidan maƙwabta. Hajiya, bahon naki zurfinsa nawa?