Injin 1/24 a bodin 1/25: zai zauna ko ɓata kwali ne?

Sadiq: Salam jama'a. Ƙaramar motar roba ta Ford ɗin 1932 mai taga uku nake haɗawa, daga kwalin kamfanin Revell, sikeli 1/25 (wato motar gaske an rage girmanta sau 25), kuma hot rod irin na da nake so ta fito, wato tsohuwar motar da aka gyara don gudu. Injin da ya zo a kwalin bai min ba. Ina da wani tsohon kwalin kamfanin Monogram da bodinsa ya narke a rana, amma injin Chevy ɗinsa lafiya lau, sai dai shi 1/24 ne. In yanka shi in saka?

Injiniya Kabiru: Kar ka soma. Ba a haɗa 1/24 da 1/25, ni a wajena wannan doka ce. Lissafa ka gani, tsakanin tayar gaba da ta baya a Ford ɗin 1932 inci 106 ne, a 1/25 ya kama kusan milimita 108, a 1/24 kuma 112. Milimita 4 a abin da bai fi tafin hannu ba ai ba wasa ba ne.

Nura: Injiniya ai shasi ka auna, shi kuma inji ya ce. Injin da tsawonsa inci 28 ne bambancinsa milimita 1 da ɗan ɗoriya ne kawai, wlh ko kai aka ajiye maka su biyu a tebur ba ma'auni a hannunka ba za ka nuna na Monogram ba. Kuma su kansu kamfanonin ba ko yaushe suke cika sikelin da suka rubuta a kwali ba, na sha ɗaukar inji iri ɗaya daga AMT da Revell, duk 1/25 aka ce, in jera su in ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba.

Injiniya Kabiru: Kuskuren kamfani daban, ka ƙara naka a kai da gangan daban. Milimita ɗayan da kake rainawa shi ne zai hana bonet rufuwa.

Nura: Wane bonet kuma? Hot rod nawa ka gani da gefen bonet? Cirewa suke yi inji ya fito fili, in ma ya ɗan fi girma sai ya ƙara wa motar kwarjini.

Baffa Lawan: Ku saurara ƴaƴana. Na yi shekara fiye da 30 ina shiga Ƙofar Ruwa neman kayan motar da aka yanka, kuma ban taɓa ɗaura inji a mota ban fara aunawa ba, to ƙaramar ma haka take. Sadiq kar ka taɓa gam tukuna. Ka kama shasi da bodi da lagireto da salatif, ka zura injin ka duba wuri uku: fanka ta taɓa lagireto? giyabos ya shige ƙarƙashin bodi? salansa ta samu hanya tsakaninta da sandar sitiyari? Sannan ka sani shi ƙaramin V8 na Chevy distirbitansa a baya yake, na Ford ɗin da ya zo a kwalinka a gaba yake, to bangon nan da ke tsakanin inji da direba can za ka fara cin karo, ko da sikelin ɗaya ne. Sai ka ɗan rarake shi ka toshe da fallen roba, su ma masu motar gaske abin da suke yi kenan.

Sadiq: Allah ya ƙara girma Baffa. Na gwada yanzu, fanka ce ta manne da lagireto, distirbitan kuma ya tokare kamar yadda ka ce.

Injiniya Kabiru: Kun gani ko.

Nura: Mun ga me? Sanfefa ce ta minti biyar a bayan fuli.

Maman Hanif: Ni abin da ya dame ni ba sikelin ba ne sam. Sadiq ka ce irin na da, wane da? Don in motar samarin Kalifoniya ce ta bayan yaƙin duniya na biyu, masu zuwa tsere a busasshen tafkin El Mirage, lokacin da mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, to wannan injin Chevy bai ma zo duniya ba sai 1955. Flathead suke sakawa, injin V8 ɗin da Ford ya yi daga 1932 zuwa 1953, da kafireta Stromberg 97 biyu ko uku a jere. Kuma kwalin naka da birkin faifai ya zo a gaba, bayansa ma na zamani ne, su kuwa birkin ganga na Ford ɗin 1940 suke ɗaurawa saboda na mai ne, na 1932 na sanda ne. Wanda ya san mota wannan zai fara gani kafin ya ga milimita ɗaya. Ka nemi kwalin Ford 1940 na Revell, 1/25 ne, flathead na ciki, ka huta da rigimar nan gaba ɗaya.

Nura: Anti gaskiyarki a tarihi, amma ki duba aljihu. Kwali sukutum zai sayo da dala, ya biya kuɗin kawowa, ya jira makonni, don inji ɗaya da ganga huɗu, sauran ya zube a leda? Ga inji a hannunsa kyauta. Sai ya ce motar 1958 yake haɗawa, shikenan Chevy ya halatta, lokacin ai rububinsa ake yi ana cire flathead.

Maman Hanif: In 1958 ce na yarda da injin. Birkin faifan ne dai har yanzu ban yarda ba. Kuma ba a zubar da ragowar kwali, kujeru da sitiyari da fitilu na gobe ne, ni motata ta uku rabinta daga ledar ragowa ta fito.

Injiniya Kabiru: To inji na sassauta, tunda a fili zai tsaya. Amma taya da wili ban sassauta ba. Wilin inci 16 a 1/24 ya fi na 1/25 da kusan milimita 0.7, tayar kwalin ba za ta hau shi ba sai ka buɗa ta, kuma roba mai laushi in ta tsage ta tsage.

Baffa Lawan: A ɗauko su tare mana Injiniya, wili da tayarsa. Na 1/24 a baya, na 1/25 a gaba, ai dama hot rod baya manya gaba ƙanana ake yi, motar ta ɗan sunkuya. Sadiq in murfin kan injin mai ƙyalli ne ka jiƙa shi a bilic ƙyallin ya fita ka wanke sosai, gam ba ya kama ƙyalli, fenti ma haka.

Sadiq: Na zaɓi 1958. Bangon zan fara rarakewa daren nan. Wa ke da gangar birki huɗu a ledarsa? Ina da kujeru biyu da lagireton Monogram ɗin, mu yi musaya.

Maman Hanif: Biyu gare ni, na gaba. Ka auna min faɗin cikin wilinka tukuna kar in aiko su ƙi shiga.