Wane otal ya kamata mu sauka kusa da Angkor Wat?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maigida zai je Bankok harkar kaya, ya ce idan ya gama mu wuce Kambodiya mu huta kwana huɗu, aurenmu ya cika shekara 20. Na daɗe ina son ganin Angkor Wat, tsohon katafaren wurin ibadar nan na dutse da ke can. Otal na alfarma muke so, amma ko sunan unguwa ɗaya ban sani ba a garin. Wa ya taɓa zuwa?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara danƙon ƙauna. Siem Reap za ku sauka, garin da ke kusa da Angkor Wat, kusan awa ɗaya ce a jirgi daga Bankok. Ku fara kammala maganar biza kafin ku biya kuɗin ɗaki. Sabon filin jirgin da aka buɗe a Oktoban 2023 yana da nisa, fiye da kilomita 40 daga gari, don haka ku ce otal ya turo mota. Ni a Raffles Grand Hotel d'Angkor na sauka. Tun 1932 aka buɗe shi, zamanin Faransawa, tsohon lif ɗinsa har yau yana aiki. Ya yi mini.

Anti Malama: Ƙanwata, kafin ki zaɓi suna ki fahimci yadda yinin yake tafiya, shi zai nuna miki otal ɗin da ya dace. Ƙarfe 5 na asuba ake buɗe Angkor Wat, mutane na tururuwa don ganin fitowar rana ta bayan hasumiyoyin nan biyar. Sarki Suryavarman na II ya gina shi a farkon ƙarni na 12, zanen da aka sassaƙa a bangonsa kaɗai zai ci miki awa biyu. Zuwa 11 rana ta take, dutsen ya ɗau zafi, ƙafa ta gaji. Nan ne kuɗin otal yake amfani: ki koma cikin minti 20, ki yi wanka, ki yi azahar, ki kwanta, bayan la'asar ki sake fita. Mu da yamma muka je Bayon, wani wurin ibadar mai manyan fuskoki na dutse, wanda Sarki Jayavarman na VII ya gina. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Ki nemi otal da ke kusa, wanda zai haɗa muku karin kumallo a ɗaure tun 4:30.

Ɗan Maleshiya: Gaskiya ne Anti. Idan aljihun maigida zai ɗauka akwai otal ɗin Amansara, gidan baƙin Sarki Sihanouk na Kambodiya ne a da, ɗakuna kaɗan, babu hayaniya, suna da nasu 'yan rakiya. Mai son iskar ƙauye kuma ya duba Phum Baitang, gidajen katako ne kan dirkoki a tsakiyar gonakin shinkafa, sai dai yana bayan gari.

Alhajin Kwari: Amansara akwai tsada ƙwarai, ɗana. Kwana huɗu a can zai ci jari.

Maman 'Yan Biyu: Na gode. To abinci fa? Maigida ba ya wasa da wannan.

Gwaggon Abuja: Yauwa, abin da nake jira a tambaya ke nan. 'Yata, naman alade ya yi yawa a girkinsu, har romon taliyar safe sau da yawa da ƙashinsa ake yi. Wani babban otal da muka sauka, na rubuta musu tun daga gida, suka ce ba matsala. Da safe na ga cokali ɗaya ake juya komai da shi. Raina ya ɓaci, na yi kwana biyu a kan burodi da 'ya'yan itace. Ki sa su amsa miki a rubuce, kina isa kuma ki nemi shugaban masu girki ido da ido. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham a garin, suna da masallaci, kewayensa akwai gidajen abincin halal. Can na ci amok, kifi ne da madarar kwakwa da ake turarawa a ganyen ayaba. Har yau ina tuna shi.

Ɗan Maleshiya: Tikitin shiga Angkor Wat da sauran wuraren ibadar daban yake da kuɗin ɗaki, Hajiya. Dala 37 na kwana ɗaya, 62 na kwana uku, 72 na bakwai. Na uku ya ishe ku. Ku riƙe sababbin daloli, wadda ta yage ana yawan ƙin karɓarta. Ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, wannan ba zai dame ki ba, sai dai ki zaɓi abaya marar nauyi da takalmi mai riƙe ƙafa, matakalan suna da tsayi.

Anti Malama: Wane wata za ku je? Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, Afrilu kuwa zafinsa kamar na bazararmu ga gumi. Kuma kar ki bari a hana ki zuwa wurin ibadar Banteay Srei don nisa. Ƙarami ne, na jan dutse, tun shekarar 967, sassaƙarsa ta fi ta ko'ina laushi.

Maman 'Yan Biyu: Disamba ne in sha Allah. Zan rubuta wa Raffles da Phum Baitang yau kan maganar girki, wanda amsarsa ta gamsar da ni shi za mu ɗauka.

Alhajin Kwari: Disamba lokacin cunkoso ne Hajiya, kar ki wuce makon nan ba ki kama ɗaki ba. Allah Ya kai ku lafiya.