Injin jirgin ruwana na jet ya buga: ƙaramin bulok zan sa ko babba?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Arizona ta Amurka, kuma bara na sayi wani tsohon jirgin ruwa na jet (wanda ke tafiya da feshin ruwa) mai tsawon ƙafa 18, ƙirar shekarun 1970, da injin Oldsmobile 455 da famfon Berkeley. Makon jiya a tafkin Havasu na riƙe shi a guje na ɗan lokaci, sai na ga allurar gejin baƙin mai ta faɗi, kafin in sassauta na ji ƙwanƙwasa daga ƙasa. Bakanike ya buɗe ya ce metal, wato abin da karanshaf ke juyawa a kansa, ya tafi, karanshaf ma ya ci. Yanzu na samu injin Chevrolet 350, wanda ake kira ƙaramin bulok, da araha, akwai kuma Chevrolet 454, wato babban bulok, da ya fi shi tsada sosai. Mu biyar ne da iyali, kuma yara suna son a ja su a kan ruwa. Wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Malam, kafin a yi maganar bulok, ya kamata a tuna cewa jirgin jet ba shi da giya. Injin yana juya farfelar da ke cikin famfo kai tsaye, famfon ya zuƙo ruwa ta ƙasan jirgi ya feso shi ta baya, saboda haka tun daga tashi har sauka injin yana ɗauke da kaya kamar motar da ke hawan tudun da ba ya ƙarewa. Ƙarfin da famfo ke buƙata kuma ba ya hawa daidai da juyin injin: idan kana son ɗaga juyi daga 4,000 zuwa 5,000 a minti, sai ka kusan ninka ƙarfin dokin da kake da shi. Wannan ne ya sa masu ƙera irin jirginka a wancan zamani suka fi sa Oldsmobile 455 da Ford 460 da Chevrolet 454, domin injin mai lita bakwai da ɗoriya yana ba da ƙarfin murɗawa a daidai juyin da famfo yake aiki ba tare da an matsa masa ba. Shi 350 lita 5.7 ne. Zai tafi da jirgin, amma da mutum biyar da akwatin ƙanƙara da mai cike da tanki, za ka ji yana nishi kafin hancin jirgin ya sauko ya daidaita a kan ruwa. Ni dai 454 zan ɗauka.

Amsa ta biyu

Ina girmama ra'ayin ɗan'uwa, amma ban yarda a raina ƙaramin bulok ba. Ya fi babban sauƙi da kusan kilo 50, kuma nauyin nan a bayan jirgi yake zama, inda kowane kilo yake danne shi cikin ruwa. Kayan gyaransa sun fi araha, ko'ina ana samunsu. Abin da ke sa mutane su ce ba shi da ƙarfi shi ne sukan bar farfelar da aka yanka wa babban injin. Farfelar Berkeley aji-aji ce, daga AA mafi girma zuwa A, B da C, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta. Idan ka bar A a bayan 350, injin ba zai kai juyin da yake da ƙarfi ba, amma da B ko C zai saki jiki ya kai. Wanda kuma yake son ƙari yana iya ƙara girman 350 ɗin ya koma 383 ta hanyar faɗaɗa silinda kaɗan da sa karanshaf mai dogon zango.

Amsa ta uku

Malam, ban ga wanda ya yi lissafin kuɗin sauyawa daga Oldsmobile zuwa Chevrolet ba. Kowane Chevrolet ka ɗauka, ƙafafun da injin ke zama a kai, da salansa, da murfin baya da ke haɗa injin da famfo, duk na Oldsmobile ba za su shiga ba, sai ka sayi wasu. Abin da ya same ka ma sanannen halin 455 ne: idan aka riƙe shi a juyi mai yawa, baƙin mai yakan taru a sama a top silinda bai dawo da sauri ba, ƙasa ta bushe, metal ya ƙone. Ana magance shi da babbar tukunyar mai da buɗe hanyoyin dawowar man. Idan bulok ɗin bai tsage ba, ka tambayi kuɗin gyaransa tukuna.

Kuma ko me ka sa, kada ka yarda a ɗora maka kafireto ko kik ko altaneta na mota. Tururin fetur yana kwanciya a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya ya isa. Na jirgin ruwa a rufe suke saboda haka.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira bakaniken ɗazu, ya ce bulok ɗin lafiya lau yake, kuma da ya leƙa famfon ya tarar zoben da farfelar ke juyawa a ciki ya cinye har farce yana shiga tsakaninsu. Ke nan ko da sabon 454 na sa, wani ɓangare na ƙarfin a cikin famfon zai zube. Na ce ya ba ni farashin gyaran 455 tare da tukunyar man da zoben, in kwatanta da na 454 da kayan sauyinsa. Akwai wanda ya san litar mai nawa tukunyar ya kamata ta ɗauka a jirgi irin wannan?