Hadarin ƙasa maganin mai kabido: wane hadari ke nan?

Bakatsiniya: Salamu alaikum. Jiya kakata ta ji labarin wani ɗan dambe da ya gagari kowa, wani siririn yaro ya kai shi ƙasa, sai ta ce "hadarin ƙasa maganin mai kabido." Na gane inda ta dosa, amma ni a sama na san hadari yake haɗuwa. Wanne ne na ƙasa?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, da kin taɓa yin bazara a wajenmu da ba ki tambaya ba. Tsakanin Mayu da Yuni, kafin ruwa ya zauna, sai gabas ta yi jajir, ƙura ta taso kamar ganuwa, rana tsaka gari ya yi duhu. Iska ce mai sanyi take faɗowa daga cikin hadarin, ta daki busasshiyar ƙasa, ta kwashi rairayi ta yi gaba, ruwa na biye, wani lokacin ma ko ɗigo babu. Kabido kuwa saƙar kaba ce da makiyayi ke kifawa daga ka zuwa gadon baya. In iska ta shigo ta ƙarƙashi, ɗage shi take yi.

Bazazzagi: Ban yarda ba, malam. Mu abin da muka ji, ruwan da ke malala a ƙasa ake nufi. A watan Agusta ƙasa ta ƙoshi, kai a rufe, ƙafa tsundum cikin ruwa.

Ɗan Damagaram: Wa ya taɓa kiran ambaliya hadari? Ai lokacin marka ne ma kabido ke cin kasuwarsa, ruwa na sauka a miƙe ba iska.

Gwaggon Yara: Ku bar musun nan, ni amfani da maganar ne ya dame ni. Ba kowace faɗuwar mai ƙarfi ake yi wa ita ba. Sai wanda ya tsare ƙofa ɗaya yana taƙama, abu ya ɓullo masa ta inda bai zata ba. Kuma don Allah a daina rubuta haɗari da ƙugiya, wannan na mota ne.

Bakatsiniya: To ai Gwaggo, maganar ta dace ke nan. An ce ɗan damben, hannun daman yaron yake ta karewa, yaron kuma bahago ne.

Bazazzagi: Ni dai ina nan a kan malale.