Sayen gona a ƙauyukan ƙabilar Bugis: abin da masana suka yi ittifaƙi a kai

Magana ta farko takarda ce. A ƙauyukan gundumomin Bone, Soppeng da Wajo na Kudancin Sulawesi, a ƙasar Indonesiya, gonaki da yawa ba su da shaidar mallaka ta hukumar filaye, BPN, sai tsohuwar takardar haraji da ake kira rincik. Wannan ba hujja ce mai ƙarfi ba. A tara magada kaf su sa hannu, a auna iyaka a gaban maƙwabta, sannan a rubuta cinikin wurin jami'in rubuta takardun cinikin filaye, wato PPAT. Magaji ɗaya da ke ci-rani a Malesiya ya isa ya dagula komai. Ɗan ƙasar waje kuwa, dokar filaye ta 1960 ta hana shi cikakkiyar mallaka, kuma sayen da sunan ɗan ƙasa ɓatacce ne a kotu.

A tambaya ko gonar tana jingina, abin da suke kira sanra, don mai riƙe da ita shi ke cin amfaninta har a fanshe.

Ana ciniki da are, murabba'in mita 100, kuma ruwa ke yanka farashi. Fadamar da madatsa ke shayarwa, irin ta gundumomin Sidrap da Pinrang, tana ba da shinkafa sau 2 a shekara, ta ruwan sama galibi sau 1. Kusa da tafkin Tempe sai an yi lissafin ambaliya. Wanda ya saɓa ranar shukar da taron shawarar manoma, tudang sipulung, ya tsayar, ɓeraye da tsuntsaye kansa za su taru.

Gidan katako mai dogayen ƙafafu ana iya ɗauke shi sukutum, mutanen gari su saɓa a kafaɗa. A rubuta ƙarara ko yana cikin cinikin.