Shawarwari ga mai son fitilar PH 5

Masu sha'awar fitilun Danmak sun tattauna kan PH 5, fitilar da ake ratayewa a saman teburin cin abinci, wadda Poul Henningsen ya zana wa kamfanin Louis Poulsen a 1958. Bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a rataye ta ƙasa-ƙasa, kamar santimita 60 daga saman tebur. Faya-fayanta masu hawa-hawa suna ɓoye ƙwan gaba ɗaya, haske ya sauka kan abinci ba tare da ya kashe ido ba. In ta yi sama, an yi asarar wannan hikimar. Nan ne na fi yarda da su.

Mai sayen tsohuwa kuwa, ya duba tambarin kamfanin, don jabu sun yi yawa, sannan mai gyaran lantarki ya sauya wayar.