Furosesa ta ta tsaya cak ina tsaka da niƙa gyaɗa, dan Allah a ba ni shawara

Sabuwar Amarya: Assalamu alaikum matan gida, dan Allah a taimaka min kafin in ɓata abu mai tsada. Cikin kayan kicin ɗina akwai furosesa, injin nan na lantarki mai yanka da niƙa kayan abinci, gwaggona ce ta saya min, wata biyar tana kwali ban taɓa ta ba sai jiya na ce bari in gwada tunda azumi ya matso. Na soya gyaɗa kusan mudu guda na juye duka na kunna, ta yi ta gurnani kamar minti shida ko bakwai sai na ji wari kamar roba na ƙonewa, kawai ta ɗauke. Na danna na danna shiru. Ta mutu kenan? Kafin gyaɗar ma na sa albasa ta koma ruwa tsululu ni da nake son yankakkiya, wajen wanki kuma wuƙar ta yanke ni a yatsa. Ni dai burina in huta da aiken yaro injin markaɗe kullum da yamma, za ta yi min ƙullun ƙosai da garin ɗanwake?

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikissalam amarya, kwantar da hankalinki, da wuya ta mutu. Da yawansu suna kashe kansu ne idan inji ya ɗau zafi don kar ya ƙone. Zare ta daga soket, ki kwashe gyaɗar, ki bar ta ta huce kamar awa ɗaya sai ki sake gwadawa babu komai a ciki. Amma fa kin cuce ta wallahi, mudu guda a tashi ɗaya? Kofi biyu ya isa. Gyaɗa tana fara zama gari, sai ta dunƙule ta zama curi guda, a nan ne injin ya fi shan wuya, sai can mai ya fito ta saki. Ni minti ɗaya nake ba ta in kashe, in kankare gefen kwanon da cokalin roba, ta ɗan huta sannan in ci gaba.

Hajiya Babba: 'Yata, garin ɗanwake ki cire shi daga ranki. Busasshen wake, rogo, dawa, gero, masara, duk na injin unguwa ne. Haka kanwa da busasshiyar citta da kanumfari, za su dakusar da wuƙar su kuma karce kwanon, wani lokacin ma ya tsage. Wannan abin na yanka da gurzawa da kwaɓi ne, ku yaran yanzu kuna so ku mai da shi turmi.

Uwargida Sarauta: Maganar albasa akwai wani maɓalli da aka rubuta P a jikinsa ko pulse, wanda kina saki yake tsayawa. Shi za ki dinga dannawa kina saki, sau biyar ko shida ki leƙa. Ki raba albasar huɗu kafin ki zuba. Nama ma haka, ki cire ƙashi da jijiya ki yanka ƙanana ki sa a firiza kamar minti ashirin ya ɗan ƙame, sai ya niƙu wara-wara na sambusa. Kabeji da karas kuma ba da wuƙar ƙasa ba, da faifan nan mai ramuka da ake ɗorawa a sama, ki tura da robar turawa da ta zo da ita. Kar ki kuskura ki tura da yatsa ko cokali.

Maman 'Yan Biyu: Ƙosai kuwa gaskiya bilenda ta fi ta laushi. Ita furosesa kwanonta faɗi ne da shi, ba ta son ruwa da yawa, yana yoyo ta tsakiya in ya wuce layin da aka zana. Amma wajen surfen wake ba ta da na biyu, ki jiƙa minti biyar zuwa goma ki danna ki saki sau kaɗan, duk bawon ya fita.

Uwargida Sarauta: A'a Maman 'Yan Biyu ni da ita nake ƙosaina kuma yana tashi, sai dai waken ya jiƙu sosai, kuma kaɗan-kaɗan. Alale ne dai nake yarda bai kai na inji santsi ba.

Matar Mai Gyaran Wuta: Na karanta wa maigida, ya ce ki kifa gindin ki duba takardar da aka manna. In kin ga 220-240V to ta wutarmu ce, don wutar Najeriya da Nijar duk a nan take. In 120V ce kayan Amurka ne, ba a jona su kai tsaye sai da tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙonewa za ta yi. Ya ce kuma idan NEPA sun kawo wuta rabi-rabi, kwan fitila ya yi ja, kar ki kunna, injin zai yi ta nishi yana zafi. Ƙaramin janareta ma ki duba wat ɗinsa, wato ƙarfin wutar da yake bayarwa, kar ki haɗa ta da firij da dutsen guga. In kuma ta huce har yanzu tana wari ko kin ga hayaƙi, ki kai wa mai gyara, kar ki sake jonawa.

Anti Nas: Ni yatsar ce ta dame ni. Ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ki rufe da filasta, in ya kumbura ko ya fara ruwa ki je asibiti. Kuskuren da ake yi shi ne jefa wuƙar cikin ruwan kumfa sai hannu ya lalubo ta. Ki riƙe ta ta robar tsakiya, ki wanke ita kaɗai da buroshi, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. Kuma kafin hannu ya shiga kwanon, a zare waya tukuna. Gindin mai inji ba ya shiga ruwa, tsumma mai danshi kawai.

Amaryar Bara: To ni sakwara nake yi da tawa wallahi minti biyu an gama 😂

Hajiya Babba: Tana yi, amma ba daga tukunya zuwa kwano ba. Ki tsane doyar, tururin ya ɗan fita, ki sa gutsure kaɗan. Miya mai tafasa kuwa kar ma a fara, in ta fantso ta ramin murfi sai ta ƙona mutum.

Sabuwar Amarya: Alhamdulillah ta tashi!! Da farko ta ƙi har na fara hawaye, ashe murfin ne ban murɗa ya shiga ba, sai da na ji ya yi ƙas sannan ta kama. Na duba gindin 220-240V ne, 600W. Na gode Allah ya bar zumunci. Gyaɗar na raba ta kashi huɗu, na gama biyu tana hutawa. Anti Nas yatsa da sauƙi. Saura warin attarugu da ya kama kwanon, da me ake fitar da shi?

Maman 'Yan Biyu: Lemon tsami da ruwan ɗumi, ki bar shi ya kwana a buɗe.